Jakar Bakin Ƙofa

Shekara uku na yi ina jifa kowace safiya. Ƙanena nake jefa wa ƙwallo, a wani fili mai yashi da tsakuwa a bayan sitonmu, can unguwar masana'antu ta hanyar Jabal Ali. Da an sallame Asuba sai mu fito, domin duk wanda ya yi bazara a Dubai ya san ranar ƙarfe bakwai ma ba ta da mutunci. Ni da jallabiya da silifa da tumbina, shi da gajeren wando da safar hannu. Jifa ɗari muke yi, ba ragi. Har yau kafaɗata ta dama ba ta yafe mini ba.

Ni ɗan kago ne. Aikina in karɓi kayan 'yan kasuwarmu, in auna, in naɗe, in cusa a kwantena, in tura gida. Shi kuwa Auta, haka muke kiransa don daga shi Inna ba ta ƙara ba, sana'arsa cafe ƙwallo. Ba ƙwallon ƙafa da muka sani ba, ta Amurkawa, wadda ake sa hular kwano ana karo da juna. Ƙwallon ma ba zagayayya ba ce, ta fi kama da gwanda. Mutum ɗaya ya jefa, wani ya sheƙa da gudu ya cafe kafin ƙarti su tumurmushe shi. To Auta shi ne mai gudun.

Ni na tura shi, gara in faɗa tun da wuri. Yana ɗan shekara goma sha bakwai wasu masu neman yara dogaye suka gan shi a filin ƙwallon kwando a Kano, suka ce za su kai shi makaranta a Amurka. Inna ta ce ba da ita ba. Sati biyu ina bin ta, in zo da safe, in dawo da yamma, har ta gaji da ni. Ranar da ta yarda tana kan tabarma tana tsince shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Kai ka kai shi, kai za ka dawo mini da shi." Na ce ai wannan mai sauƙi ne. Bakina kenan.

A can wani koci ya ga gudunsa da faɗin tafinsa, ya raba shi da kwando ya sa shi a wannan wasa. Ya yi jami'a da shi, ya yi suna daidai gwargwado. Da aka zo ranar da manyan kulob-kulob ke zaɓen sababbin 'yan wasa, ba a kira sunansa ba. Daga baya wani kulob ya ɗauke shi, amma cikin 'yan ajiya. Da ya yi mini bayanin aikin ɗan ajiya sai da na yi dariya, sannan na ji kunyar dariyar. Duk sati za a ba shi rigar wani ɗan wasa na kulob ɗin da za a kara da shi, ya kwaikwayi gudunsa da kaucewarsa, don 'yan wasan gaske su saba. Ranar wasa kuwa yana gefe da kayan gida. Wato shekara uku da wani abu yana zama wasu mutane.

Sau biyu tak ya cafe a wasan gaske, lokacin da aka sa shi cike gurbin wanda ya ji rauni. Ɗaya tana cikin wayata, daƙiƙa tara ce. Babu ɗan Kano mai shago a Deira da ban nuna wa ba, wasu sau uku, har an fara gudun zama kusa da ni wajen shan shayi.

Kora kuwa sau uku aka yi masa. Ya ce kullum iri ɗaya ce: wani ma'aikaci zai same ka cikin ladabi ya ce koci na son ganinka, ka taho da littafin dabarun da aka ba ka. Da ka ji an ambaci littafi, shi kenan. Ta ukun bayan an yi masa aiki a gwiwa ce. Takardar zamansa a can a ɗaure take da aiki, aiki ya ƙare, sai ya hau jirgi ya sauka wurina. Ya ce sati biyu zai yi.

Ranar da ya iso ya ajiye wata baƙar jaka a bakin ƙofar falo. Na ce ya shigar da ita ɗaki. Ya ce a'a, nan ne wurinta. Takalman wasa ne a ciki, da safar hannu, da kaya kala ɗaya, da fasfo. Sai ya zaunar da ni ya karanta mini yadda satinsu yake. Lahadi a yi wasa, mutane su karye. Litinin kulob ya buga waya neman wanda zai cike gurbi. Talata da safe a tara waɗanda aka kira a gwada su. In aka kira ka Litinin ba ka iso Talata ba, akwai goma a bayanka.

"Daga nan jirgi ɗaya ne, Yaya," in ji shi. "Daga Kano sai na sauka sau biyu. Kafin in kai, an ba wani riga."

Na ce, "To ka je ka gaishe da Inna ka dawo mana. Kwana biyar."

"In a cikin kwana biyar ɗin aka kira fa?"

Wannan tambayar ita ta ɗaure mu. Sana'ar tasu ba ta da rani ba ta da damina. In ana kakar wasa, ana karyewa. In an gama, lokacin sa hannu ne. Bayan shi gwajin bazara, bayan shi sansanin horo, inda aka fi karyewa ma. Duk watan da na nuna masa a kalanda yana da abin da zai ce. Safiyar Litinin kuwa ba a yi masa magana, yana duƙufe a waya yana duba wanda aka fitar a kan gado jiya. Wata rana na ce, "Kai yanzu arzikinka a gwiwar wani yake?" Ya ce, "Faɗuwar wani tashin wani. Ni ma da na faɗi wani ya tashi." Ban sake tanka wannan ba.

A sito ba ya ɗaukar kaya. Ƙato guda, ya fi kowa ƙarfi a wurin, amma kwali ɗaya ba zai ɗaga ba don kada yatsa ya goce. Rubutun lamba yake yi a jikin kaya. Ko musabaha da 'yan yatsu yake bayarwa, har wani Alhaji ya taɓa tambayata ko ƙanen nawa yana da girman kai ne.

Shi ya koya mini jifa. Farko na ɗauka in na gan shi sai in jefa masa. Ya ce ba haka ake yi ba. Zai ƙirga taku goma sha biyu bai waiwaya ba, a na sha biyun ya dunƙule ya juya hagu. Ni kuma in saki ƙwallo tun yana na tara, in jefa wa wani dutse da muka ajiye, ba shi ba. In ya juya, ya tarar da ita tana iska tana jiransa. "Wuri ake jefa wa, Yaya, ba mutum ba. Ni nawa in isa wurin." Wallahi ranar da na fara dacewa, ƙwallo ta shige hannunsa ba ko ƙara, na yi ihu kamar an ce kwantenata ta fita ba bincike. Ina son safiyoyin nan, ba zan ɓoye ba. Shekara goma sha wani abu ina garin nan ni kaɗai, sai ga ɗan'uwana a gabana kullum.

Ana cikin haka idon Inna ya fara tafiya. Hawan jinin ido ne. Da na je gida na kai ta asibiti da kaina, likita ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, wanda ya rage kuma riƙo ake yi da magani, ba a san ranar da zai suɓuce ba. Ta ce mini duniya ta tsuke mata, kamar mai leƙe ta ramin makulli, sai abin da ke gabanta sak take gani. Rabonta da Auta ido da ido ya kai shekara shida. Na so in kawo ta nan, amma lokacin an rufe wa mutanenmu biza, ba hanya.

Muna kiran ta ta bidiyo duk Juma'a. Auta ya kafa wayar a fuskarsa yana cewa, "Inna, ga ni, kina ganina?" Ta ce, "Ina ganin wani haske yana motsi. Ni ba gilashi na haifa ba. Ka zo ka tsaya a gabana tun ina da abin kallonka." Ya ce in sha Allahu da zarar an gama wannan zangon wasan. In mun kashe waya sai ya shiga banɗaki ya daɗe.

Yana da wakili a Amurka, mai nema masa kulob. Auta ya ba shi lambata a matsayin ta biyu, don kada a kira a rasa shi. Wata Laraba bayan La'asar, a shekararsa ta biyu a nan, ina tsaye a bakin kwantena ana loda tayoyi, lambar ta shigo. Na ce a raina yau ga ranar. Na tafi bayan mota na ɗauka.

Mutumin ya yi ta kwana-kwana, sannan ya fito fili. Ya ce duk kulob ɗin da ya tuntuɓa sun ga hoton gwiwar, kuma shekaru sun ja, ga yara sababbi ana yayewa duk shekara. Babu wanda zai kira. Ya ce ya gwada gaya wa Auta sau biyu, yaron ba ya bari a kai ƙarshen magana, shi kuma ba zai iya ba. "Kai ne babba, ka gaya masa ya koma gida." Na ce to, zan gaya masa yau.

Na dawo na tarar da shi a durƙushe yana rubuta lamba a jikin wani firji, ya ɗago ya ce, "Waye?" Na ce, "Wani mai kaya ne." Ban shirya ƙaryar ba, ita ta fito da kanta.

Na ce gobe. Da goben ta zo ya cafe ɗari bai yar da ko ɗaya ba, yana ta tsalle yana cewa gwiwar ta fi da ƙarfi, na ce ba yau ba. Na ce bayan Sallah. Na ce in an gama zango. Wata goma sha huɗu na yi da maganar nan a cikina, ina kwana da ita ina tashi da ita. Ina gaya wa kaina tausayinsa nake ji, kuma da gaske ina ji. Amma akwai sauran. In na faɗa, to na yarda kenan cewa yaron da na ɓamɓare daga jikin uwarsa na tura duniya ya dawo da daƙiƙa tara. Kuma in na faɗa zai tafi, in koma cin abinci ni kaɗai a kan kwali. Duk Juma'a Inna ta ce, "Kai babba, ba ka da bakin yi masa magana ne?" In ce, "Ina yi, Inna, taurin kai gare shi." Allah Ya yafe mini.

Mai gadin layin sitonmu wani dattijo ne ɗan Zangon Kumasi. Kullum yana zaune a kan kujerar roba da kofin shayinsa yana kallonmu. Wata safiya Auta ya je ɗauko ƙwallon da ta wuce, dattijon ya ce da ni, da irin Hausarsu, "Masta, ɗan'uwan nan naka, yaushe ne wasan?" Na ce ana jiran kira. Ya kurɓi shayi. Ya ce, "Ni ma shekara biyu na ce zan yi a nan. Na bar 'yata tana rarrafe, yanzu ita ke aiko mini hoton ɗanta." Ya yi dariya, ni ban yi ba. Ya ce, "Yalla, ga shi nan ya dawo, jefa masa."

Abin da ya karya ni ƙaramin abu ne. Wata Juma'a Inna ta ce a waya, ba da kuka ba, kamar mai ba da labarin kasuwa, ta daina zuba wa kanta shayi saboda ba ta ganin bakin kofi. Asabar muka fito fili. Mun yi sittin da uku. Ya koma kan layi, ya duƙa, ya sheƙa. Na ƙirga tare da shi. Ya kai tara ban saki ba. Ya kai sha biyu, ya juya, ya miƙa hannu biyu sama, babu komai. Ya tsaya haka yana duban sama, sannan ya dube ni. Ƙwallo tana ƙirjina na rungume ta.

"Kafaɗar ce?" in ji shi.

Na ce, "Zo."

Ya zo yana haki. Na gaya masa duka: ranar, da lokacin, da tayoyin da ake lodawa, da abin da wakilin ya ce, da mai kayan da na ƙirƙiro. Na ce, "Babu mai kira, Auta. Na sani tun bara. Ka mare ni in kana so, amma ka je ta gan ka."

Na zaci zai yi ihu, ko ya shaƙe ni, kuma da na fi son haka. Bai yi ba. Ya cire safar hannu ɗaya, ya duba tafinsa, ya mayar. Ya ce, "Wakili ba Allah ba ne. Akwai wasu wakilan."

"Auta."

"Saura sati bakwai a gama zango. Yanzu ne aka fi karyewa. In na tafi yanzu, shekara ukun nan me na yi kenan?" Ya juya ya taka zuwa kan layi, ya duƙa, ya ce ba tare da ya kalle ni ba, "Saura talatin da bakwai, Yaya."

Ga inda nake jin haushin kaina har gobe. Da na jefar da ƙwallon nan bayan katanga. Da na shiga falo na zazzage jakar nan a ƙasa, na ce ni ne babba, gobe za ka hau jirgi. Ina da wannan ikon, a gidanmu ba a musu da wa. Amma mutumin da ya yi wata goma sha huɗu yana ƙarya, da wane baki zai ba da umarni? Na dubi bayansa, na ga yadda ya duƙa yana jira. Na jefa. Muka cika ɗari, muka tafi muka buɗe sito.

Sati bakwai muka ƙara. Ya aika wa wakilai huɗu bidiyonsa, ɗaya ya amsa da godiya. A satuttukan nan Inna ta daina cewa ya zo. Sai ta tambayi lafiya, ta sa albarka, ta ce a gaida mutanen wurin. Na ɗauka fushi ne. Shi ya ɗauka ta haƙura.

Ranar da aka buga wasan ƙarshe na zangon, washegari ban tambaye shi ba na yanko tikiti biyu na ajiye a kan jakar. Da za mu fita ya ɗauki akwatin tsaraba a hannu ɗaya, baƙar jakar a ɗayan.

Mun isa gida da hantsi. Tana zaune a ɗakinta a kan darduma, ta yi kwalliya, ta sa mayafin da na kawo mata bara, ta fuskanci ƙofa. Auta ya ajiye jakarsa a bakin ƙofar, ya yi sallama, ya shiga ya durƙusa a gabanta sak, daidai inda na gaya masa tana iya gani. Ya ce, "Inna, ga ni." Ta yi murmushi, ta kalli gefen kafaɗarsa, ta miƙa hannu tana lalube a iska. A nan muka gane abin da ya sa ta daina cewa ya zo. Ta ce sati uku kenan, ta tashi da safe ta zaci ba a kawo wuta ba.

Ya kama hannun ya ɗora a fuskarsa. Ta shafa, ta sauko ta kama yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kan wasu biyu da wasa ya karkatar. Shi yana kuka kamar yaro, ita tana cewa ya isa, ya isa, ai ka zo.

Da aka kira Azahar ta miƙe za ta yi alwala. Ta ce kada a riƙe ta, ta san ɗakinta, taku shida ne zuwa ƙofa. A na shidan ta yi tuntuɓe da jakar. Mu biyu muka zabura, ya riga ni. Da ta daidaita, ta taɓa abin da ƙafarta.

"Wannan ta waye a hanya?"

"Tawa ce, Inna."

"Har ka ɗaure kaya?"

Ya dubi jakar. Sannan ya ce, "Ban kwance ba ne."

Ta juyo inda ta ji numfashina ta ce, "Kai babba. Kai da kake ganinsa kullum, gaya mini yadda ya koma. Hannu ba ya faɗin komai da komai."

Shekara uku bayansa nake kallo, da ƙafafunsa, da dutsen da nake jefa wa. Sai a ranar na tsaya na dubi fuskar ƙanena da kyau, yana riƙe da gwiwar hannunta. Goshinsa ya ƙara faɗi. Akwai layi biyu a gefen bakinsa irin na mahaifinmu.

Na ce, "Yana nan da tsawonsa, Inna. Ya yi duhu kaɗan. Furfura ta fara fito masa a gemu."

Ta ce, "Furfura?"

Na ce, "Ƙwaya huɗu ko biyar."

Ta daɗe tana tsaye, hannunta a kan ƙyauren. Sannan ta ce, "Ni yaro na ba ka." Ta ce da Auta ya kawar da jakar daga hanya, ya kai ta wajen buta.